Kafin Ka Sauke Buwat: Gano Ciwon Ambirayajin Tsohuwar Motar Sifor

A yawancin garejin Yamai, da mota ta ƙi shiga bitas, wato giya, an riga an yanke mata hukunci tun kafin a ɗaga kafo: ambirayaji ya ƙare, sai an sauke buwat, wato akwatin bitas. A motar haya wannan aikin rabin yini ne. A tsohuwar motar sifor, irin BMW E30 da E36, Toyota Celica da Supra, Mazda MX-5, Peugeot 205 GTI ko Golf 2 GTI, abin ya wuce haka. Idan mai jan baya ce, sai an kwance bututun hayaƙi, an cire sandar da ke kai ƙarfi baya, an cire demarar, an saki sandar bitas. Porsche 944 kuwa ambirayajinta na gaba manne da inji, buwat ɗinta na baya, sai an sauke ta an ja dogon bututun da ya haɗa su kafin hannu ya kai. A yi duk wannan, a sa disk sabo, a mayar, sannan a tarar mota na nan da halinta, domin ciwon yana cikin wata ƴar roba da ba ta kai girman dala ba, can bayan fedal. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Kalmar "ambirayaji ya lalace", ko kuloci a bakin ƴan'uwanmu na Najeriya, ta ƙunshi cuta uku dabam. Akwai wanda ba ya saki: ka taka fedal har ƙasa amma inji bai rabu da buwat ba. Akwai wanda ba ya kamawa: ka ɗaga ƙafa, inji na kuka, mota ba ta ja. Akwai kuma mai kamawa da karkarwa. Kowanne da inda ake nemansa, kuma na farko, wanda ya fi yawa a tsofaffin motoci, galibi a waje yake, ba sai an sauke buwat ba.

Kayan ba su da yawa. Bolan na inji, ba na tuƙi ba, babban faifan ƙarfe ne da ke ɗaure a gindin bilbirkan, wato babbar sandar inji mai juyawa. Filato yana ɗaure a jikinsa, disk na tsakaninsu a matse, zaune kan haƙoran sandar da ke shiga buwat. Idan ka taka fedal, furshet, wani hannun ƙarfe, ya tura bute, wani zobe mai juyawa, bute ya danna yatsun sifirin na filato, filato ya ja baya, disk ya sami iska. Ja da bayan nan bai fi milimita biyu ba. Wannan ƴar tazara ita ce dukan zancen: duk abin da ya ci ɗan motsi tsakanin tafin ƙafarka da bute, daga cikinta ya ci.

Gwajin da ba ya buƙatar kile

Kashe inji, taka fedal, zagaya bitas duka. Idan suna shiga sumul da inji a kashe, amma da ka tada shi sai su cije, ambirayaji ne ba ya saki. Idan a kashe ma da ƙyar suke shiga, ba a nan gizo ke saƙa ba: duba robobin sandar bitas da man buwat.

Sai gwajin aryar. Yawancin tsofaffin buwat ba su da sinkoro, zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin bitas ya shiga, a bitas na baya, don haka ba ya rufa wa kowa asiri. Inji na aiki, taka fedal har ƙasa, ƙirga uku, sa aryar. Ya kamata ya shiga shiru. Idan ya yi ƙarrr, kada ka ɗaga ƙafa: sa bitas na ɗaya don sinkoro ya tsayar da sandar, dawo firi, jira daƙiƙa biyar, sake neman aryar. In ya sake ƙara, akwai abin da ke juya sandar alhali ƙafarka na ƙasa. Ko disk na gogar bolan, ko ƙaramin rulman, wato boris, da ke tsakiyar bolan ya bushe ya riƙe hancin sandar. Wasu buwat suna da sinkoro har a aryar. A irinsu ba za ka ji ƙara ba, sai dai sandar bitas ta yi tauri, mota kuma ta nemi motsawa yayin da kake tura ta.

A motar da ambirayajinta na ruwa ne, akwai gwaji biyu da ke raba gardama. Taka fedal da sauri sau biyar ko shida, sannan nemi bitas. Idan ya shiga, iska ce a layin, ko roba ta fara gajiya. Na biyu: a fili shimfiɗaɗɗe, ba kowa a gaba, sa bitas na ɗaya, riƙe fedal a ƙasa minti guda, ƙafar dama na kusa da birki. Idan mota ta fara rarrafe da kanta, famfon sama, wanda makanikai ke kira emetar, yana sakin lokid, wato ruwan birki, ta cikinsa. Robar fistan ta daina riƙewa, ruwan na zamewa ya koma tulu. Ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, lokid bai ragu ba, shi ya sa ake rantsuwa lafiyarsa lau.

Layin ruwa

Buɗe tulun lokid ka duba launi. Sabo fari ne mai ɗan rawaya. Idan ya koma baƙi kamar shayin da ya kwana, robobi ne ke narkewa a ciki. Kwanta ka leƙa saman fedal da tocila, inda sandar ke shiga famfon sama: danshi a nan, ko fenti da ya kumbura, ko kafet da ya jiƙe, ɗigon famfon sama ne. A jikin buwat, janye robar da ta rufe sandar famfon ƙasa, wato resaftar. Idan lokid ya zubo daga cikinta, ya gama aiki.

Masu BMW su lura da abu guda. A E30 da E36 ambirayaji ba shi da tulun kansa, daga tulun birki yake sha, kuma bakin da yake sha ta nan yana sama da na birki. Da gangan aka yi haka, don idan ruwa ya ragu ambirayaji ya fara rasawa kafin birki. To filaket ɗin birki na cinyewa, lokid na sauka a hankali, wata rana a kwana ko a gangare bakin ya shaƙi iska, fedal ya tafi ƙasa. Ba abin da ya fashe. Amma kafin ka cika tulu ka tafi, bincika dalilin raguwar, don yana iya zama birkin ne ke ɗiga.

Daga nan sai awo. Sa yaron gareji ya taka fedal, kai kana ƙasa da ma'auni a kan sandar famfon ƙasa. A galibin motocin nan takan fito kimanin santimita ɗaya da rabi. Ainihin adadin yana littafin gyaran motar. Idan ta fito cikakkiya amma ambirayaji bai saki ba, to ciwon na ciki, ka sami hujjar sauke buwat. Idan ta gaza, ci gaba da nema a waje.

Wurin da aka fi mantawa shi ne ƙusar da ta haɗa fedal da sandar famfon sama. Shekara talatin ana takawa, ramin da ke zagaye ya zama kamar ƙwai, ƙusar ta yi wuya. Fedal yana ninka motsi kusan sau biyar zuwa shida, saboda haka cin milimita 2 a ƙusa ya zama fiye da santimita guda a tafin ƙafa, wanda ba ya tura komai. Ƙara da tabarmar roba mai kauri da aka shimfiɗa kan kafet saboda yashi, ta hana fedal kaiwa ƙasa. Fidda tabarmar kafin ka zargi kowa. Duba kuma ƙarfen da famfon ke ɗaure a kai yayin da ake takawa; idan yana lanƙwasawa, akwai tsaga.

Wasan fedal, wato ɗan motsin da yake yi kafin ka ji tauri, da yatsa ake auna shi, ba da ƙafa ba. Littattafan Toyota na wancan zamani sukan ba da milimita 5 zuwa 15, na MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, milimita 5 zuwa 13. Idan ya yi yawa, ambirayaji ba zai saki ba. Idan babu shi sam, sharrinsa ya fi, kuma wannan kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Mota ta ƙi bitas, bakanike ya tsawaita sandar famfon sama don fedal ya "ɗauka a sama". Yanzu fistan ba ya komawa ƙarshe, ya toshe ƙaramin ramin da lokid ke bi ya koma tulu. Da safe lafiya lau. Da rana ta take, lokid ya ɗumama ya kumbura, ba hanyar komawa, sai ya riƙa danna bute shi kaɗai. Mota ta fara sulɓi, disk sabo ya ƙone cikin ƴan makonni. Gane shi ba wuya: da mota ta yi zafi, ba a taka fedal ba, sassauta ƙusar fidda iska da ke jikin famfon ƙasa. In lokid ya yi tsartuwa, layin na riƙe da matsi. Ko ka tura sandar famfon ƙasa ciki da hannu. Ya kamata ta shige a hankali.

Tiyon roba da ke tsakanin jikin mota da buwat shi ma yana da fuska biyu. Idan ya tsufa yakan kumbura lokacin da aka taka, ya shanye ruwan da ya kamata ya tura fistan. Riƙe shi a tafin hannu ka ji ko yana numfashi. Ko kuma cikinsa ya ruɓe ya zube, ruwa ya tafi da ƙarfin ƙafa amma ya kasa dawowa da sauri, fedal ya riƙa tasowa da nawa. Kuɗinsa kaɗan ne. Duk wanda bai san shekarun tiyon motarsa ba ya canja shi kawai.

Zafin garinmu yana da hannu a nan. Lokid irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska. DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. DOT 3 daga 205 zuwa 140. A watan Afrilu da Mayu, iskar waje ta haura digiri 40, mota na tsaye a cunkoson gadar Kennedy, famfon ƙasa na maƙwabtaka da bututun hayaƙi. Tsohon lokid ya yi tururi, fedal ya yi laushi, bitas ya ƙi. Da mota ta huce komai ya dawo. Mai irin wannan alama ya fara da canja lokid gaba ɗaya, ya kuma duba ko farantin da ke kare zafin bututun yana nan, don sau da yawa an cire shi a wani gyara ba a mayar ba. Shekara biyu ita ce iyakar lokid.

A kiyayi abin da ake zubawa. LHM, koren man nan na tsofaffin Citroën, man ma'adini ne, haka man inji da man direksiyo. Cokali guda a tulun DOT ya isa ya kumbura dukan robobin layin, sai an canja su kaf. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, DOT 5.1 kuwa, duk da kamar sunan, dangin DOT 4 ne. Kwalbar da aka buɗe ta daɗe a kan tebur a rana, ba a san ranar buɗe ta ba, a bar wa mai ita.

Fidda iska na son haƙuri. Rabin lita na lokid, siririn tiyo mai gani-har-hanji, kwalba, da kile 7 ko 8 gwargwadon ƙusar. Cika tulu. Mai taimako ya taka a hankali ya riƙe, ka buɗe rubu'in juyi, ruwa ya fita, ka rufe, sannan ya ɗaga, da hannu idan fedal ya kwanta. A maimaita har kumfa ya ƙare, ana duba tulu bayan kowane taku uku ko huɗu, don tulun ambirayaji ƙarami ne, da ya ƙafe an koma farko. Idan an yi ta yi fedal bai yi tauri ba, iskar ta maƙale a wani lungu da ya fi ƙusar tsawo. Kwance famfon ƙasa daga buwat ba tare da cire tiyo ba, karkata shi yadda bakin tiyon zai kasance a sama, ka tura sandarsa ciki da hannu a hankali sau da yawa. Kumfan zai hau ya fita ta tulu. Muddin yana kwance kada kowa ya taɓa fedal, fistan zai yi tsalle ya fito. Wata dabarar ita ce babban sirinji na kantin magani: a cika shi da lokid a tura ta ƙusar ƙasa zuwa sama, tunda iska dama sama take so. Lokid yana cin fenti, a ajiye ruwa kusa.

Ra'ayina kan famfunan biyu: idan ɗaya ya mutu a canja duka. Sa'o'in juna ne, ruwa ɗaya suka sha, kuma sabon da ke riƙe matsi sosai yakan ƙarasa tsohon. Canja robobi kaɗai yana yi idan cikin silinda na sheƙi, ba rami ba zane. Sa yatsa ka shafa. Famfon da aka samo wajen ƴan ferayi, masu sayar da tsofaffin kayan mota, ko a kasuwar Katako kuwa, kada a tsaya ga cewa ramukan noti sun dace. Faɗin ciki ne magana, kuma sau da yawa an rubuta shi a jiki. Motocin Japan da yawa na amfani da famfon sama mai milimita 15,87, na E30 kuwa 19,05. Sa ƙaramin a gurbin babban, ruwan da yake turawa ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari: fedal ya yi laushi mai daɗi, bitas ya ƙi shiga. Famfon ƙasa da ya fi na asali faɗi shi ma haka yake yi.

Masu kabul

205 GTI da Golf 2 GTI ba ruwansu da lokid, kabul ne. Idan fedal ya yi nauyi ko yana taku-taku, cire kabul daga hannun buwat ka ja shi da hannu. Ya kamata ya zame ba gargada. Wayar kan fara tsinkewa sili-sili daga ƙarshe, tana miƙewa, wurin kamawa na sauka kullum. Cikinsa leda ce, zuba masa man inji ba ya gyara shi, ƙurar hunturu kawai yake tarawa. Kabul da ke ƙonewa ko tauri bayan an canja shi ba da daɗewa ba, a duba wayar mas da ke tsakanin inji da jikin mota: idan ta tsinke, wutar demarar ta kabul ɗin take bi. Golf na baya-baya suna da kabul mai daidaita kansa, kuma na'urar kan cije.

Golf 2 tana da wani tsari nata. Filato ne ke ɗaure a bilbirkan, bolan a kansa, kuma wata doguwar sanda ce ke ratsa tsakiyar sandar buwat ta danna shi. Bute yana can ƙarshen buwat ta wajen taya, bayan wani murfi, ana canja shi ba tare da an sauke komai ba. Ƴar robar da ke kewaye da doguwar sandar idan ta gaji, man buwat ya bi ta ya jiƙa disk.

Nauyin fedal ba kullum laifin kabul ba ne. Yayin da disk ke cinyewa, yatsun filato na tasowa, ƙarfin da ake buƙata na ƙaruwa. Sabon kabul a kan irin wannan ba ya daɗewa.

Sulɓi, karkarwa da ƙara

Gwajin sulɓi a kan hanya ya fi aminci. Fita hanyar Doso, sa bitas na huɗu ko na biyar a gudun kilomita 50 zuwa 60, taka totur har ƙasa. Idan allurar juyin inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, yana sulɓi. Gwajin birkin hannu, a sa bitas na uku a saki fedal a ga ko inji zai mutu, yana aiki, amma sau ɗaya, na daƙiƙa biyu. Maimaita shi ƙona disk ne. Kafin a ce disk ya cinye, a tabbatar da wasan fedal da tiyo kamar yadda aka faɗa. Sai a leƙa gindin ƙoƙon buwat. Idan akwai mai a wurin, baƙi na inji ne, daga juwan-sifi na bayan bilbirkan, wato zoben robar da ke hana mai ɗiga. Mai warin ƙibiritu na buwat ne. Amma fara duba sama, domin murfin kan inji idan yana ɗiga ta baya, man kan gangaro ya taru a wuri guda ya sa a zargi wanda bai ci ba bai sha ba.

Abin da ke cin disk a nan ba gudu ba ne, yashi ne. Motar sifor ƙasa-ƙasa take, unguwannin da ba kwalta kuwa sun fi yawa. Ta kafe, direba ya ba ta wuta da rabin ambirayaji, wari ya tashi. Minti biyu na haka ya isa ya ƙone fuskar disk, ya yi wa bolan tabo shuɗi, ya kashe ƙarfin sifirin na filato. Rage iskar taya, tone gaban ƙafafu, nemi masu turi. Haka riƙe mota da fedal a hawa maimakon birki, da ɗora ƙafa a kansa ana tafiya.

Karkarwa lokacin tashi, a fara da silamblok, robobin da inji da buwat ke zaune a kansu. Zafi da mai suna kashe su, kuma inji mai rawa ba ya barin disk ya zauna daidai. Ja birkin hannu, a buɗe kafo, a ɗan saki fedal a bitas na ɗaya sannan a aryar, a ga yadda inji ke tashi. A BMW a haɗa da faifan roba da ke bayan buwat, wanda ake kira filektor, da rulman tsakiyar sandar baya. In duk suna lafiya, saura mai a kan disk ko tabon zafi a bolan. A 944, disk ɗin asali tsakiyarsa roba ce maimakon sifirin. Idan ta tsufa takan farfashe, ka ji ƙwas duk lokacin da ka taka totur ko ka saki, gutsattsarinta kuma su hana ambirayaji saki.

Ƙara kuwa ƙafa ce ke fassara ta. Idan tana nan fedal na sama, ta ɓace da ka taka, rulman sandar buwat ne. Idan ta fara da ka ɗan ɗora ƙafa, bute ne. Idan sai fedal na ƙasa, mota na cikin bitas a tsaye, rulman tsakiyar bolan ne. Akwai na huɗu da ba a fata: ka taka fedal, juyin inji ya faɗi. Sa a taka kana kallon fulin gaban bilbirkan. Wasan da aka yarda masa gaba da baya bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa. In ka ga ya motsa, kal ɗin da ke tare bilbirkan sun cinye, wannan aikin inji ne, sabon ambirayaji ba zai yi komai ba.

Motar da aka ajiye duk damina, balle wadda ruwa ya shiga ƙarƙashinta, disk kan yi tsatsa ya manne da bolan. Fedal lafiya, sandar famfon ƙasa na fita cikakkiya, bitas ya ƙi. Ɗumama inji a firi, kashe shi, tura motar fili mai faɗi, sa bitas na biyu, taka fedal ka riƙe, tada ta a haka. Za ta zabura. Ƙafa na kan fedal, riƙa taka totur kana saki da sauri har ka ji ta ɓalle. Idan sau uku ko huɗu bai yi ba, a bari, kada a karya wani abu.

Idan dole sai an buɗe

Kada a hure ƙurar ciki da iskar kwamfaresa. Garnitir na tsofaffin disk, wato fuskarsu mai gogayya, na iya ƙunsar asbestos, mai cutar da huhu. A jiƙa a goge. Ma'aunan Toyota sun isa jagora: zurfin kan ƙusoshin disk kada ya gaza milimita 0,3, karkacewar disk kada ta wuce 0,8, ta bolan 0,1, yatsun filato kuma kada su saɓa da juna fiye da 0,5. Duba furshet ko ya tsage, da ƙusar da yake lilo a kanta, wadda a BMW ta leda ce, tana cinyewa shiru. Bututun da bute ke zamewa a kai idan ya yi zane, fedal zai ci gaba da nauyi.

Disk, filato da bute tare ake canja su, da rulman tsakiyar bolan da juwan-sifi, tunda hanya ta buɗe. Valeo, Sachs, LuK, Aisin da Exedy su ne masu yi wa kamfanonin motocin, sai dai jabunsu ya cika kasuwa, kwali ba shaida ba ne. Ɗora sabo kan tsoho, gwada faɗi, ƙirga haƙora, sannan zura shi kan sandar buwat ka ga yana zamewa. Na 325i milimita 228 ne, na MX-5 mai inji 1,6 kuwa 200. Disk da aka sake wa garnitir a kasuwa yakan fito da kauri fiye da kima, ya ƙi saki, ko ya rasa ɗan lanƙwasan ƙarfen da ke tsakanin fuskokinsa wanda ke sa kamawa ta zo a hankali. Disk ɗin tsere mai kunnuwa huɗu ko shida an yi shi don fili ne. A cunkoson Wadata azaba ce, kuma yana cin bolan.

Idan za a kai bolan wajen mai tur, injin fere ƙarfe, a gaya masa idan mai mataki ne: abin da ya cire a fuskar da disk ke kwanciya, ya cire daidai shi a inda filato ke zama. In ba haka ba filato ba zai matse da ƙarfinsa ba. Bolan mai ɓari biyu da ke cikin E36 da yawa ba a saba fere shi ba, idan ya yi wasa sai canji.

Wajen mayarwa, disk yana da gaba da baya. Na Jamus an rubuta Getriebeseite a gefen da ke kallon buwat, na Faransa côté boîte; galibi gefen da cibiya ta fi tsini shi ne na buwat. A juye, sifirin ɗinsa zai gogi notin bolan, ba zai saki ba ko kaɗan. Wanke man kariya da ke fuskar sabon filato. Giris a haƙoran sanda ɗan kaɗan, a zura disk a fitar a goge abin da ya taru, don ragowar za ta watsu kan garnitir. A daidaita tsakiya da santarar, sandar da aka yi don haka, ko tsohuwar sandar buwat, a ɗaure notin filato a gicciye, juyi-juyi, har 19 zuwa 25 Nm ga masu M8 gwargwadon mota. Buwat ta shiga da hannu har ta manne; kada a jawo ta da noti, kada kuma a bar nauyinta ya rataya kan disk ko na ɗan lokaci, cibiyarsa za ta lanƙwashe, sabon kaya ya fito da tsohon ciwo. Ƴan ƙusoshin nan biyu masu daidaita buwat da inji, a tabbata suna gurbinsu.

Sabon ambirayaji na son kimanin kilomita 500 na tuƙi a hankali kafin a matsa masa. Tafiya Tawa ta Dogon Dutsi da Ƙonni ta haura haka a lissafi, amma ba ta shiga ciki, tunda a bitas na biyar za ka yini ba ka taɓa fedal ba. Tashi da tsayawa na cikin gari ne ke zaunar da fuskokin. Bayan makonni biyu a sake auna wasan fedal, musamman a masu kabul, a kuma leƙa tulun lokid.